Babi na 7: Shirin Zuwa Hoton Mama

Darasi na 1: Safiyar ranar hoto

'Yan uwa mata, mamogiram hoton eksire ne na mama, wanda aka fi yi wa mata daga shekara 40 zuwa sama. Yana iya nuna sankara tun tana ƙarama, tun hannu bai fara jin ƙullutu ba. Amma sai hoton ya fita tar likita zai gani, kuma ke ma da naki aikin a ciki.

Ki yi wanka da sabulu, ki goge jiki. Shi ke nan. Kada ki shafa komai a ƙirji ko a hammata: ba hoda, ba rol-on, ba man shafawa, ba humra.

Ga dalili. Hoda da rol-on suna da 'yan ƙwayoyi da ke fitowa a hoto kamar an barbaɗa gishiri. Farkon sankara ma wani lokaci haka take bayyana, ɗigo-ɗigo fari. Likita in ya ga haka hankalinsa ba zai kwanta ba, sai a sake kiranki.

Mu karanta tare, a hankali: BA HO-DA. BA MAI. A sake. Madalla, kuna ƙoƙari.

Na san da wuya mace ta fita ba ƙamshi. To, sa kwalbar a jaka, in an gama ki shafa son ranki. Bara wata 'yar ajin nan ta ce mini, "Malama, ai ɗan kaɗan na shafa, kuma a hammata ne." Ɗan kaɗan ɗin nan ya sa ta biya kuɗin mota sau biyu. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Hammata ma tana shiga hoton!

Rubuta a littafinki sau 5: Ba zan shafa komai ba.

Darasi na 2: A gaban na'ura

Ki sa riga da zani, domin rigar kaɗai za ki cire. Ma'aikaciya za ta matse mama tsakanin faranti biyu na 'yan daƙiƙoƙi. Da ɗan ciwo, ki daure. Matsewar ce ke baje naman har a ga abin da ya ɓuya. Yawanci hoto 2 ake ɗauka a kowane ɓangare. In ta ce ki riƙe numfashi, ki riƙe. Motsi na sa hoto ya yi dishi-dishi.

Darasi na 3: Zaɓen rana

Kamar mako guda bayan al'ada ya fi, lokacin mama ba ta ciwo. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a fara.

Darasi na 4

In kina da tsohon hoto, tafi da shi a gwada da sabon.