Burauza ta cinye maka RAM? Ga yadda zaka gano mai shanyewar

Kwanakin baya ƙanwata ta kawo min laftof ɗinta ranta a ɓace, wai tana tsakiyar rubuta furojet ɗinta sai komai ya tsaya cak, maus baya motsi, fanka sai huci take kamar zata tashi, in ta koma wani tab ɗin kuma sai ta tarar ya yi fari fat ya sake lodi daga farko. Har wani ya ce mata bairos ne a yi mata fomatin. Nace mata a'a tsaya tukuna, kar a goge komai sai mun ga waye ke shan RAM ɗin, wato memorin da kwamfuta ke ɗora abin da take aiki da shi a lokacin, don wannan abin aunawa ake yi, ba a yinsa da ka. Yadda muka bi shi ne zan faɗa muku, kuma duk abin da ake buƙata yana cikin kwamfutar, ba sai ka sauke komai ba.

Ka fara da Windows ɗin kanta, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, wato tagar da ke nuna abin da kowane shiri ke ci, ka shiga Performance sannan Memory. Mutane da yawa da sun ga babbar lamba sai hankalinsu ya tashi, alhali burauza da gangan take riƙe abubuwa a RAM don in ka dawo shafi ya buɗe da sauri, RAM ɗin da ke zaune ba aiki ai ba ta amfana maka komai. Wanda zaka duba shi ne Available, wato abin da ya rage. In ya kusa ƙarewa kuma a lokaci guda ka ga Disk ya kai kashi 100, toh Windows ce ta fara kwashe kaya daga RAM tana jibgewa a disk tana sake ɗebowa, wannan kai-komon shi ne makalewar da kake ji, kuma ta fi muni a tsohon disk mai juyawa fiye da SSD. In kuwa Available na da yalwa amma duk da haka abin na nauyi, matsalarka ba ta RAM bace, ka dubi CPU ko netwok.

A wannan tagar dai, in ka shiga Processes ka buɗe layin Chrome zaka ga ya bayyana sau ashirin ko fiye, wannan ba bairos bane. Tun fitowarsa a 2008 yake raba aikinsa gida-gida don in shafi ɗaya ya faɗi kar ya ja sauran, sannan a 2018 bayan an gano raunin nan na Spectre a cikin firosesa, Chrome 67 ya ƙara ware kowane sayit a nasa ɗakin saboda tsaro, Google da kansu suka ce hakan ya ƙara cin memori da kashi 10 zuwa 13. Firefox ma ta bi sahu a ƙarshen 2021. Damuwar kawai ita ce Windows bata gaya maka wanne ne na wane shafi, duk suna ɗaya take basu.

Shi ya sa zaka koma cikin burauzar ka danna Shift da Esc. Ƙaramar taga zata fito, Task Manager na burauzar kanta kenan, yana aiki a Chrome da Edge, a Firefox kuma ka rubuta about:processes a wajen adireshi. Danna kan Memory footprint don mafi ci ya hau sama. Yanzu kowa da sunansa: wanda ya fara da Tab shafinka ne, Extension ƙarin da ka saka wa burauza ne, Subframe kuma wani sayit ne da aka cusa a cikin shafin da ka buɗe, galibi talla ko bidiyo, sai GPU Process mai kula da zana hoto a sikirin. Akwai shafukan da zaka ga labarin da kake karantawa bai ci komai ba amma Subframe biyar-shida na talla a ƙarƙashinsa sun fi shi ci nesa ba kusa ba.

Wurin da nake so ku fi bada hankali shi ne nan. Kallo ɗaya baya isa. Ka samu takarda ka rubuta lambobin guda biyar na sama, ka ci gaba da harkarka ko ka je ka yi sallah ka dawo, bayan kamar rabin awa ka sake dubawa. Shafin da yake da nauyi amma lambarsa ta tsaya waje ɗaya, ko tana hawa tana sauka, lafiyarsa ƙalau, haka aka gina shi. Wanda kuwa lambarsa ke hawa kawai bata taɓa saukowa alhali ko taɓa shi baka yi ba, shi ne mai yoyon memori, kamar maƙwabcin da kullum yake aiko yaro aron kwano baya dawo da na jiya, wataran zaka nemi na cin tuwo ka rasa. Ƙarshenta sai shafin ya faɗi ya nuna maka Aw, Snap tare da Out of Memory. In kana so ka ƙara tabbatarwa danna maus na dama a kan kanun jadawalin ka kunna JavaScript memory, in ita ce ke ta kumbura toh shirin da ke tafiyar da shafin ne ke riƙe abin da ya kamata ya saki. Amma fa shafukan da ake ta gungurawa ƙasa basa ƙarewa irin su Facebook dole su ƙaru in ka daɗe kana gungurawa, rifiresh kawai zaka yi su sauko. In ka zaɓi layi ka danna End process zaka ga nawa ya dawo nan take, sai dai ka tabbata ba wani fom ko rubutu da baka ajiye ba a shafin.

Ekstenshan su ne masu ɓoyewa. Da yawansu suna zuba nasu aikin a cikin kowane shafi da ka buɗe, sai cin nasu ya shiga lissafin shafin, layinsu kuma ya nuna 'yar ƙaramar lamba kamar ba ruwansu. Abin da ya faru da ƙanwata kenan, duk shafukanta sun yi ƙiba har wanda rubutu ne zalla. Sai na buɗe Incognito, wato tagar sirri ta Chrome, da Ctrl, Shift da N, inda ekstenshan basa aiki sai in kai ka basu izini, na buɗe shafukan nan dai guda uku, lambobin suka faɗo sosai. Daga nan muka shiga chrome://extensions, tana da guda tara, muka kashe rabi muka auna, muka sake raba rabin da ke da matsalar, zagaye uku muka kama shi, wani ne na sauke bidiyo da ita kanta ta manta yaushe ta saka. A Firefox ka shiga Help ka zaɓi Troubleshoot Mode, zai kashe su gaba ɗaya. Kuma don Allah kar ka je ka ƙaro wani ekstenshan wai mai rage cin RAM, akwai The Great Suspender da mutane suka yarda da shi shekaru, bayan ya canza hannu Google ta cire shi a Fabrairun 2021 saboda an samu mugun shiri a cikinsa.

In GPU Process ne ya kumbura, je Settings sannan System ka kashe graphics acceleration, ka rufe burauzar ka buɗe ka gwada, in ya gyaru toh direban hoton kwamfutarka ne ke son ofdet. A wajen dai akwai maɓallin da ke barin Chrome ya ci gaba da aiki a ɓoye bayan ka rufe shi, kashe shi. Masu Firefox suna da about:memory, danna Measure ka ga dalla-dalla, Minimize memory usage kuma ya saki abin da zai iya saki. Mai gina sayit da kansa ya danna F12 ya shiga Memory ya ɗauki Heap snapshot sau biyu ya kwatanta, ya nemi abubuwan da aka rubuta wa Detached.

Toh in ka auna duka baka samu mai yoyo ba, kowa cinsa daidai, kawai yawansu ne ya fi ƙarfin kwamfutar, sai ka kunna Memory Saver a Settings ƙarƙashin Performance, shi zai riƙa kwantar da tab ɗin da ka daɗe baka leƙa ba, a Edge sunansa sleeping tabs, ka tuna ka saka shafukan da kake cike fom a jerin waɗanda ba za a taɓa ba. Laftof ɗin ƙanwata giga 4 ce, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke nema tun kafin a buɗe burauza, don haka bayan mun cire ekstenshan ɗin na koma shafin Memory na duba Slots used, ya nuna 1 cikin 2, ma'ana akwai gurbin ƙara wata. Ba kowace laftof ke da shi ba, wasu an liƙe RAM ɗin a jikin injin na ciki, baya ciruwa, kuma sai ka duba DDR3 ce ko DDR4 kafin ka saya don wata bata shiga ramin wata. Na rubuta mata irin tata a takarda, nace ta ƙarasa furojet ɗin a haka da tab biyar ko shida, in kuɗi sun samu mu ƙara giga 4.