Yadda ake gane raunin saman kututturen ƙwaƙwalwa ta hanyar duba ido

Kututturen ƙwaƙwalwa shi ne sashen da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka. Samansa, wanda likitoci ke kira midbiren, tsawonsa kamar santimita 2 ne kawai, amma a cunkushe yake. Ta gabansa akwai kaurarran igiyoyi biyu masu kai saƙon motsi hannu da ƙafa. Ta tsakiyarsa siririyar magudanar ruwan ƙwaƙwalwa ta ratsa. A jerin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ta 3 da ta 4 masu juya ido daga nan suke fitowa, haka kuma cibiyar da ke riƙe mutum a farke. Shi ya sa ido kan tona asirin wurin tun kafin a kai ga hoton CT, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka. Kayan aikin kuwa ƙaramar tocila ce da ɗaki mai ɗan duhu.

Da farko, duba farkawa. Kira sunan majinyaci, in bai amsa ba ka matsa masa farce. A gwada sugan jini nan take, domin faɗuwar suga kan yi kama da raunin ƙwaƙwalwa.

Na biyu, dubi fatar ido da zaman ƙwayar. Jijiya ta 3 ce ke ɗaga fatar sama. In ta mutu, fatar ta rufo, in ka ɗaga ta kuma za ka tarar ido ya karkata waje da ƙasa.

Na uku, kuma nan ne aikin yake, haska ɗan ramin da ke tsakiyar baƙin ido. A cikin haske faɗinsa milimita 2 zuwa 4 ne. Shigo da tocila daga gefe, ka haska ido ɗaya: dole ramukan biyu su tsuke tare. Bambancin da bai wuce milimita 1 ba ana samunsa ga masu lafiya. Amma rami ɗaya ya buɗe wangam, ya ƙi tsukewa, a mutumin da ya faɗi daga babur yana ta nutsewa cikin barci, wannan alama ce jini ya taru a ƙoƙon kai yana tura ƙwaƙwalwa kan jijiya ta 3. Zaruruwan da ke tsuke ramin a jikin jijiyar ta waje suke kwance, don haka su matsi ke fara taɓawa. Ciwon suga kuwa cikin jijiyar yake lalatawa, shi ya sa sau da yawa fata kan rufo amma ramin na aiki lafiya. Ramuka biyu ƙanana kamar bakin allura suna nuna sashen da ke ƙasa da midbiren, ko kuma an sha ƙwaya irin su kodin da mofin. A tambayi dangi ko an ɗiga maganin ido, don atirofin kan buɗe rami ya ruɗar da mai dubawa.

Na huɗu, in yana farke, sa shi ya bi yatsanka da ido ba tare da juya kai ba. Wanda ya kasa kallon sama, a yi zargin matsi ta bayan midbiren, daga ƙari ko taruwar ruwa. Mai ganin abu biyu-biyu lokacin sauka daga bene, jijiya ta 4 ce.

Daga nan gwada ƙarfin hannu da ƙafa. Igiyoyin motsi sai can ƙasa suke tsallaka juna, saboda haka raunin midbiren na dama kan kashe jijiya ta 3 ta idon dama ya shanye ɓarin hagu na jiki. Wannan saɓanin shi ake kira ciwon Weber.

Kada a juya kan wanda ya yi haɗari don gwada motsin ido sai an tabbatar wuyansa lafiya. In jini na hawa, bugun zuciya na raguwa, numfashi ya rikice, matsin ya yi nisa. A ɗaga kan gado digiri 30, a kiyaye hanyar numfashi, kada a ɗebi ruwan laka, a rubuta faɗin kowane rami da lokacin da aka duba, sannan a garzaya da shi asibitin da ke da CT da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa.