Yadda Ake Zama a Rukunin Gidajen Gefen Abuja, Irin Su Gwarimpa

Wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya, inda zaure yake buɗe daga asuba har bayan isha'i, yakan sha mamaki idan ya tare a ɗaya daga cikin rukunonin gidajen da ke gefen Abuja. Zai tarar da kwalta har ƙofar gida da inuwar bishiyoyi, ba ƙarar injin niƙa, ba kiran 'yan talla, amma kuma sai ya yi wata guda bai san sunan wanda suka haɗa katanga da shi ba. Gwarimpa, wadda aka fara ginawa a zamanin Janar Sani Abacha, ita ce ta fi shahara a cikinsu, kuma abin da za a faɗa a kanta ya shafi Dawaki da Lokogoma da Lugbe.

Kafin ka biya kuɗin haya, wanda a Abuja na shekara guda ake karɓa gaba ɗaya, ban da kashi goma na dillali da kuɗin lauya, ka ziyarci gidan sau uku a lokuta daban-daban. Ka je da sassafe a ranar aiki don ka ga irin cunkoson da ke kan babbar hanyar Kubwa. Ka koma da daddare, domin a lokacin ne ake sanin layin da ke da shiru na gaske. Manyan titunan Gwarimpa, irin su First Avenue da Third Avenue, sun cika da shaguna da wuraren cin abinci masu kiɗa, saboda haka mai neman barci mai daɗi ya nemi ƙaramin layi mai nisa da su. Zuwa na uku kuwa bayan an sheƙa ruwan sama ne, musamman idan gidan a Lokogoma ko Lugbe yake, inda ambaliya ta sha yin ɓarna. Idan da rani kake nema, ka duba gindin katanga, domin ruwa yakan bar layin laka daidai inda ya tsaya, kuma sabon fenti a rabin bango na ƙasa kaɗai abin tuhuma ne.

Tambayar wuta da ruwa, maigadi da mai wanki da guga za ka yi wa, ba dillali ba. Ka tambayi rukunin da kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja, AEDC, ya sa layin: Band A an yi masa alkawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, amma tun watan Afrilun 2024 kuɗinsa ya ninka fiye da sau uku. Idan ka ga masu kurar ruwa sun yi jerin gwano a layin da safe, ka san famfon da ke zuwa daga madatsar Usuma ba ya isa can, sai ka tambayi ko akwai rijiyar burtsatse. Kuɗin kula da unguwa, wanda ake biyan masu gadi da kwasar shara da fitilun titi da shi, ka nemi a rubuta maka nawa ne da abin da ya ƙunsa.

Abin da ya fi waɗannan duka wuya shi ne maƙwabtaka, domin a nan ba ta zuwa da kanta, sai an fita an neme ta. Babu mai unguwa da zai gabatar da kai, kuma kowa da mota yake shiga da fita, gilashi a rufe. A makon farko ka ƙwanƙwasa ƙofar gidan dama da na hagu da na gaba, ka ce, "Ranka ya daɗe, mu ne sababbin maƙwabtanku," uwargida ita ma ta shiga ta gaisa da matan gidan. Ka lizimci masallacin layin a sallar asuba da magariba, inda za ka fi saurin sanin dattawan wurin. Sannan ka nemi sakataren ƙungiyar mazauna ya sa ka a zaurensu na WhatsApp, ka riƙa halartar taronsu ko da yana cin rabin ranar Asabar, domin a can ake yanke lokacin rufe ƙofa da ƙarin kuɗin gadi, kuma wanda bai zo ba ba shi da bakin ƙorafi daga baya.

Ka tuna cewa maƙwabcinka yana iya zama Bayarabe ko Ibo ko Bagwari, Musulmi ko Kirista. Idan za a yi suna ko walima da za ta kai ga kafa rumfa a kan titi, a sanar da ƙungiya da maƙwabta kwanaki kafin ranar, a kuma kashe lasifika da wuri. Naman layya ya shiga kowane gida, kuma idan aka aiko da shinkafar Kirsimeti a karɓa da godiya. Janareta a ajiye shi nesa da tagar ɗakin kwanan maƙwabci.

Filin wasan unguwa, ko da lilo biyu ne da benci, shi ne ke maye gurbin dandali, kuma bayan la'asar ya fi cika. Kada a tura yara da 'yar aiki kullum. Uban da ya zauna a benci rabin awa yakan koma gida da lambar iyaye biyu ko uku. Idan ana son wuri mai faɗi a ƙarshen mako, akwai bakin tafkin Jabi, inda masu motsa jiki ke taruwa da safiyar Asabar, akwai kuma Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu ta buɗe a watan Disamban 2003. A ranakun Sallah wurin yakan cika maƙil tun kafin la'asar, don haka a tafi da hantsi, a riƙe tabarma da ruwan sha da ledar zuba shara.