Darasi na 7: Nawa Ciyawa Ke Cinye Wa Mai Masara?

Ciyawa ba ta jiran manomi. Ranar da masara ta tsiro, harƙiya da aya-aya ma sun tsiro, kuma ruwa ɗaya suke sha, taki ɗaya suke ci, rana ɗaya suke nema. Wanda ya zuba yuriya a gonar da ba a nome ba, ciyawa ya saya wa taki.

Ɓarnar ta fi tsanani daga mako na 2 zuwa na 6 bayan shuka, lokacin da saiwar masara ba ta yi nisa ba. Za ka ga ganyen ya yi rawaya, karan ya siranta. Shi ya sa malaman gona ke cewa a yi noman firi a mako na 2 ko na 3, maimai a mako na 5 ko na 6. Idan masara ta rufe kunya da inuwarta, ciyawar da ta fito a makare ba ta da wani ƙarfi.

Masu bincike, irin na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, awo suke yi. Suna ƙirga ciyawa, su auna amfani, su fitar da lissafin da ke nuna asarar da jinkirin noma zai jawo. Kai ma za ka iya a gonarka.

Ware fili uku daidai wa daida, kowanne taku 10 tsawo, taku 10 faɗi. Iri ɗaya, taki ɗaya, ranar shuka ɗaya. Na farko ka nome shi sau biyu a kan lokaci. Na biyu ka bar shi sai mako na 6. Na uku kada fartanya ta taɓa shi. Da kaka, a sussuke kowanne daban, a auna da tiya, ka rubuta a littafinka.

Wuta-wuta dai tata daban ce. A ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar masara tana tsotsa tun kafin a gan ta, kuma irinta na iya shekaru a ƙasa. Tuge ta kafin ta yi fure.

Aikin gida: A ce fili na farko ya ba da tiya 12, na biyu 8, na uku 3. Tiya nawa jinkiri ya ci? Nemi farashin tiya a kasuwarku, ka lissafa kuɗin, sannan ka gwada shi da kuɗin ƙwadagon noman firi.