Yadda ake hawan duwatsun Idanre

Idan hanya ta kai ka Akure, ko bautar ƙasa ce, ko fatauci, ko biki, ka ware safiya guda ka je Idanre. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Daga Arewa kuwa hanyar ita ce Abuja, Lokoja, Okene, Owo, sai Akure, kuma da rana ake binta. Ka kwana a Akure, ka yi sammako.

Idanre gari ne da duwatsu suka yi wa ƙawanya a tsakiyar kurmin Jihar Ondo. Duwatsun giranit ne, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, manya-manya masu sulɓi, tsayinsu ya kai wajen mita 900 daga matakin teku. Wanda ya san Kufena a Zariya ya san danginsu, sai dai a nan suna da yawa, kuma a gindinsu kurmi ne da gonakin koko da ayaba. Tun 2007 wurin yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya.

Ka zaɓi lokaci. Ni Nuwamba zuwa farkon Disamba na fi so. Ruwa ya ɗauke, daji bai bushe ba, kuma kakar koko ce, za ka ga an shanya shi a kan tabarmi da siminti a bakin titi, tsamin ƙamshinsa na shigowa har cikin mota. A Janairu hazo kan rufe komai, ka sha wahalar hawa ka tarar da farin ƙura kawai. Damina kuwa, daga Afrilu zuwa Oktoba, kyan gani gare ta amma da haɗari. Ka fara hawa kafin ƙarfe takwas, domin falalen dutse yana shan rana ya riƙe zafinta, kuma zafin Kudu mai danshi ne, zufa ba ta bushewa a jiki kamar yadda muka saba a gida.

Guzuri ba shi da yawa. Takalmin kambas mai taushin ƙasa wanda ya riga ya saba da ƙafarka. Silifas da takalmin fata mai santsi a bar su a masauki, babbar riga ma haka, ko da hoto ake son ɗauka. Ruwa lita biyu, da ƙari in azahar za ta same ka a sama kana bukatar alwala. Dabino ko ƙuli-ƙuli a aljihu. Jaka ta goyo, don hannuwanka su zama sake. Sai tsabar kuɗi na shiga da na ɗan rakiya, kuma ku gama ciniki da shi tun a ƙasa, ya faɗa maka wuraren da zai kai ka ɗaya bayan ɗaya.

Matakalar da ake bi a hau dutsen ta haura 600, da wuraren hutawa biyar a hanya. Samari sukan ɗauke ta da gudu, kafin zango na uku sai ka same su zaune sun yi jigum, suna haki, ruwansu ya ƙare. Ka tafi a hankali yadda za ka iya hira ba tare da numfashinka ya sarƙe ba. A kowane zango ka tsaya ko ba ka gaji ba, ka kurɓi ruwa kaɗan, ka juya ka dubi rufin kwanon Odode, garin da ke gindin duwatsun, yana ƙanƙancewa a ƙasa. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa ya tsaya inda jikinsa ya ce ya isa, babu abin kunya a ciki.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu isa ƙarshen matakala su ɗauki hoto su juya. Ai matakalar ƙofa ce kawai. A can sama akwai fili tsakanin duwatsu inda mutanen Idanre suka zauna ɗaruruwan shekaru, duwatsun na kare su daga mahara, sai a shekarun 1920 suka fara saukowa don kusantar hanya da gonaki. Kufan garin yana nan. Akwai tsohuwar fadar sarkinsu mai sarautar Owa, ginin ƙasa mai gajeren rufi da ginshiƙan itace da aka sassaƙa da siffofin mutane. Akwai tsohuwar kotu, da makaranta, da kaburbura, da rafin Arun mai ruwa garai-garai yana bi ta tsakanin duwatsu. Ka tsaya a tsakar fadar ka tuna cewa duk gishiri da tufa da ƙarfen da aka yi amfani da su a nan, a ka aka hau da su, tun ba a gina matakalar siminti ba. Don wannan sashen nake cewa a adana ƙarfi, yawon saman yakan ci awa biyu.

Za a kuma nuna maka sawun Agboogun, wata alama a jikin dutse mai kamar tafin ƙafa. Mutanen garin sun ce tana daidai da ƙafar kowa, babba da yaro, in ban da maye. Ka gwada ko kar ka gwada, wannan ya rage naka, amma ban da dariyar raini a gaban mai wurin. Wasu wuraren na tsafi ne kuma har yau ana girmama su, ana hawowa bukukuwa irin na Orosun. Inda aka ce ba a shiga, kar ka shiga, inda aka hana hoto ka mayar da wayarka aljihu. Duwatsu da tsirrai ma a bar su yadda suke, don akwai wani ɗan kwaɗo da masana ba su same shi ko'ina a duniya ba sai a kan waɗannan duwatsu.

Sai ka yi hattara da dutsen kansa. Busasshen giranit yana kama takalmi sosai, shi ya sa mutum ke sakin jiki. Amma dubi baƙaƙen layukan da suka gangaro a jikinsa: hanyar ruwa ce, gansakuka ta kwanta a kai, in ta jiƙe kamar an goga sabulu take. Ka taka inda dutsen yake fari mai kaushi. Saman dutsen kuma a hankali yake lanƙwasawa, ba ka ganin inda gangara ta fara tsanani, saboda haka kar neman hoto ya ja ka baki-baki. Da ka ji rugugin hadari, bar kan falale nan take, tsawa ba ta wasa da mai tsayuwa a wuri mai tudu.

Saukowa ta fi cin gwiwa. Ka ɗan karkata jiki, ka sauke ƙafa gaba ɗaya a kan kowace matakala, ka huta a zangunan nan kamar yadda ka yi a hawa. Ka sauko da ledojinka da gorunan ruwanka. In yunwa ta taso, sakwarar Ondo ba ta da na biyu, sai dai ka tambayi irin naman da ke cikin miya, don naman daji ya yawaita a yankin. Wanda hankalinsa bai kwanta ba ya daure har Akure, akwai masu tuwo 'yan gida a wajen kasuwar Shasha.