Yadda Nake Yin Kauɗar Tumatir Ta Kai Damina Tana Jawur

Idan kika ga kauɗa ta yi baƙi, kada ki zargi rana, danshi ne ya yi mata illa. Sai da na sha asara kafin na gane haka.

Ni a watan Fabrairu nake saye, lokacin da tumatirin rani na Kadawa, a jihar Kano, ya cika kasuwa, kwando ya faɗi warwas. Ki zaɓi dogon nan mai tsoka da ake ce wa UTC, wanda ya nuna amma bai yi laushi ba. Mai ruwa-ruwa kuwa, ki bar shi na miyar yau. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, don haka kada gabanki ya faɗi in kwando ya dawo 'yan kwanoni.

Ki wanke, ya tsane, ki tsaga kowanne gida huɗu, yankan ya zo daidai don su bushe tare. A kan tabarma nake shanyawa, bisa gadon ƙarfe, wajen yankan na kallon sama, in barbaɗa gishiri kaɗan, in lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Masu bazawa a ƙasa bakin titi, su ne ke sa mutum tauna tsakuwa a miya. Da magariba ki shigar ɗaki, raɓar dare ɗaya ta isa ta dusashe jan. Cikin mako guda galibi ya yi. Ki karya mafi kauri, in kika ji laushi a tsakiya, da saura.

Wurin ajiya ne aka fi yin ɓarna. Wata shekara na kwashe da zafin rana, ina sauri, na ƙulle a leda. Kafin sati biyu ledar ta yi gumi, na buɗe na tarar da fumfuna da wani tsami. Inna ta leƙa ta ce, "Ai dafa shi kika yi, 'yar nan." Zubarwa na yi, don wanki ba ya raba kauɗa da fumfuna.

Yanzu sai ta huce a inuwa nake zubawa a busasshen bokiti mai murfi, in ɗora bisa katako, nesa da murhu da hasken taga. A watan Agusta, duk ranar da rana ta buɗe, nakan fito da ita ta sha wuni guda, ta huce, in mayar.