Yadda ake yanka foshuwar a buga zane a bangon ɗaki

Foshuwar, wato farantin da ake huda zane a jikinsa a buga fenti ta cikin ramukan, ba a yin sa da kwali. Bugu uku ko huɗu kwali ya sha ruwa, bakinsa ya yi laushi, zane ya ɓaci. Nemi tsohon hoton ƙirji na asibiti, baƙar robar nan. Ba ta jiƙa, tana wankuwa, kuma gidaje da yawa a Yamai akwai ta a ajiye ba a komai da ita.

Zana abin da kake so a farar takarda, kada ya wuce santimita 20 kowane gefe. Dagi ko giciyen Agadas sun fi fure mai siraran ganye sauƙin yanka. Cike wuraren da za a cire da biro, sannan ka duba: duk farin da biro ya kewaye gaba ɗaya zai faɗo tare da yankan. Bar masa gada mai faɗin milimita 5 da za ta riƙe shi. Manna takardar a kan robar da salatif, ɗora a kan gilashi, ka yanka su tare da sabuwar reza. Inda zanen ya lanƙwasa, robar ake juyawa, hannu yana wuri ɗaya. Bar santimita 5 a gefuna.

Shafa tafin hannu a bangon. In ya fito fari, farar ƙasa ce ko ƙurar hunturu, sai an goge. Sabon shafen siminti a ba shi wata guda. Bango mai kaushi kuwa a haƙura da shi. Turbuɗa zare a garin bula, a ja shi tam a fyaɗa a bango, layin da za a jera zanen a kai ya fito.

Wajen fenti ne yawanci aiki yake lalacewa. Sayi na ruwa, kuma rabin lita ya isa layi guda kewaye da ɗaki, kada a sa ka ɗauko babban bokiti a kasuwar Katako. Kar ka ƙara masa ruwa ko ɗigo. Buroshi ma ajiye shi, don shi ke tura fenti ƙarƙashin roba. Yanko guntun soson katifa, ka dangwala kaɗan, ka bubbuga a kan kwali har ka ga kamar ba abin da ya rage. A nan ne ya yi daidai. Danne robar da yatsu kusa da ramin, ka riƙa bugawa kai tsaye, daga baki zuwa tsakiya, ba gogawa. Zai fito dishi-dishi, zuciyarka ta ce ƙara fenti. Kar ka ƙara. Jira minti biyar ka sake bi. Soso mai jiƙe shi ke sa bakin zane ya yi gemu, ko ya zubo hawaye.

Ɗago robar gaba ɗaya, kar ka ja ta gefe. Goge bayanta da tsumma bayan kowane bugu uku. A zafin Afrilu da Mayu fenti na bushewa a kan robar, ramuka su tsuke, don haka yi aikin da safe, kuma ka yanka foshuwar guda biyu: ɗaya na bango, ɗaya na cikin ruwa. Kusurwa a bar ta ƙarshe, tunda sai an lanƙwasa robar. Inda ya ɗan zubo, bari ya bushe ka rufe da ragowar fentin bangon.